88 daga Treichville zuwa Maraɗi

Duk wanda ya riƙe wayar Nokia a shekarun 2000 ya sha jin harshen Morse, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙarar nan da ke tashi in saƙo ya shigo, gajeru uku, dogaye biyu, gajeru uku, haruffa ne ake bugawa: S, M, S. A Black Market ta Adjamé, inda ake cinikin waya da gyaranta tun daga bakin titi har cikin lunguna, an yi zamanin da ƙarar nan ba ta yankewa daga safe har magariba. Yara masu gyara suna gwada wayoyi, 'yan kamasho suna jan hannun masu wucewa, kuma cikin dubban mutanen da ke cunkushe a wurin da wuya ka sami ɗaya da ya san rubutu ne ake karanta masa a kunne.

Ina da ra'ayi a kan wannan harshe, na kuma san wasu za su ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Mu Hausawan Abijan, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Katsina da Kano, mun yi sakaci da muka bar buga Morse da rediyon sha'awa a hannun tsofaffin Turawa da Japanawa. Kusan kowannenmu yana da wani nasa a nesa, mata ko uwa ko wadda aka kai wa kuɗin gaisuwa. Duk da haka ba mu da hanyar kai musu magana sai wadda kamfani ya shimfiɗa, wadda kuma gwamnati take iya naɗewa ran da ta ga dama. Hujjar fasaha tana nan tafe, amma da ta soyayya zan fara, don ita ce ta fi ƙarfi a wurina.

Samuel Morse mai zane ne kafin ya zama mai ƙirƙira. A watan Fabrairun 1825 yana birnin Washington yana aikin zana hoton Janar Lafayette, sai matarsa Lucretia ta rasu a New Haven, ba da jimawa ba bayan haihuwa. Wasiƙar mahaifinsa ta iso a makare, kafin ya kai gida an riga an rufe ta. Masu tarihi suna ja-in-ja a kan ko wannan baƙin cikin ne ya tura shi neman wayar tangaraho, tunda sai a 1832 tunanin ya faɗo masa a cikin jirgin ruwa. Ni ban damu da yadda za su yanke hukuncin ba. Duk ɗan ci-ranin da labarin rasuwa ya taɓa iske shi bayan an yi sadakar uku ya san abin da mutumin nan ya haɗiye. Ranar 24 ga Mayu 1844 shi da abokin aikinsa Alfred Vail suka aika saƙo ta waya daga Washington zuwa Baltimore, kuma dabarar ba ta da wuyar faɗi: ɗigo da ja, wato gajeren sauti da dogo, a tsarin da ake bi yau dogon ya ninka gajeren sau uku. Harafin da aka fi amfani da shi aka ba wa mafi sauƙin bugu, shi ya sa E ɗigo ɗaya ne tak, T kuma ja ɗaya.

Ba a daɗe da shimfiɗa wayoyin ba ma'aikatan suka fara abin da ba a ɗauke su aiki don shi ba. In dare ya yi, saƙonnin 'yan kasuwa sun lafa, sai hira ta ɓarke tsakanin tasha da tasha, da yawa daga cikin masu bugawar kuwa 'yan mata ne. A 1879 wata ma'aikaciyar tangaraho mai suna Ella Cheever Thayer ta fitar da littafin Wired Love, labarin mutum biyu da suka kamu da son juna ta waya ba su taɓa haɗa ido ba. Thomas Edison, wanda ya yi aikin tangaraho tun yana saurayi kuma kunnensa ba ya ji sosai, ya koya wa Mina Miller Morse, ya nemi aurenta ta hanyar buga mata haruffa a tafin hannu, ita ma ta amsa masa ta haka. Sun yi aure a Fabrairun 1886. Tun 1859 kuma kamfanin Western Union ya tsara lambobi don taƙaita maganganun da ake yawan maimaitawa, biyu daga ciki suna raye har gobe a bakin masu rediyo: 73 gaisuwar ban-kwana ce ga aboki, 88 kuwa ƙauna ce da sumba, ba kowa ake buga wa ita ba.

Ni a bakin teburin gyara na fara jin waɗannan lambobi. Ubangidana da ya koya mini riƙe ƙarfen dalma mutumin Maraɗi ne, shagonsa na gyaran rediyo yana bayan babbar kasuwar Treichville, Baba muke ce masa, Allah ya jiƙansa. Tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 tashar jiragen ruwa ta yi ta janyo samarin Nijar zuwa wannan unguwa. Irinsu ne Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958, inda Oumarou Ganda ya fito ɗan dako mai mafarkin kuɗi da mace, ba ya samun ko ɗaya. Baba ya zo bayansu da 'yan shekaru, ɗauke da abin da ba su da shi. Ya koyi buga waya a soja, ya yi aiki a ɗakin rediyo na jiragen ruwa, da ya gaji da teku ya kama shago. 'Yan garinmu suna sayar da goro, da kofi, da garba, wato attiéké da soyayyen kifin tuna, abincin da duk Abijan ke ci da sunan Bahaushe. Shi kaɗai ne yake da wata doguwar waya da ya ɗaure daga rufin gidan haya zuwa mangwaron maƙwabta, matan gidan suna ta yi masa magiya ya bari su riƙa shanya a kanta.

Inna, wadda daga baya ta zama matar Baba, 'yar wani falken goro ce a Adjamé, cikin masu sayo shi daga Anyama suna ɗaure huhu zuwa arewa. Ta yi 'yan shekaru a lakwal, ta san baƙi. Ran Lahadi Baba yakan hau bas ɗin SOTRA, ya haye gadar Houphouët-Boigny, ya ratsa Plateau, ya sauka Adjamé zance. Wanda ya san zancen wancan zamani ya san yadda yake: benci a ƙofar gida, gwaggo tana gefe tana tsince goro kunnenta a buɗe, ƙanne suna kai-kawo ba gaira ba dalili. Abin da za a iya faɗa bai wuce gaisuwa da lafiyar mutan gida da tsadar shinkafa ba. Sai Baba ya ɓullo da wasa, wai yana koya wa ƙanenta Morse. Ya ɗauki kwalin ashana, in ya ƙwanƙwasa da farce shi ne “ti”, in ya ja farcen a gefen da ake ƙyastawa shi ne “taa”. Dole sai da sauti iri biyu, domin ƙwanƙwasa ba ta da tsawo, ba za ka iya ja da ita ba. Yaron bai jima ba ya gaji ya koma ƙwallo. Yayarsa da ke zaune kanta a sunkuye kamar ba ta wurin, ita ce ta haddace. Wata Lahadi bas ya ɓata masa lokaci, ya iso rana ta yi sanyi, sai ta miƙa hannu ta ɗauki kwalin ta buga masa haruffa takwas: KA MAKARA. Gwaggo ta ce su daina yi mata ɓarnar ashana.

Baba yana da lasisin rediyon sha'awa, abin da masu Faransanci ke kira radioamateur. Mutane ne da hukuma ta jarraba ta ba su izinin harhaɗa na'urar aika saƙo a gida su yi magana da takwarorinsu na ko'ina, don koyo da zumunci, ba don riba ba. Kowa yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Kwaddibuwa tana farawa da TU, ta Nijar 5U, ta Najeriya 5N, ta Gana 9G. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris a 1925, ranar kafuwarta, 18 ga Afrilu, ita ce ranar bikinsu duk shekara. A Amurka kaɗai masu lasisi sun haura 700,000. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ya yi wannan sha'awa, lambarsa JY1, kuma talakan da ya ci sa'a yakan yi hira da shi ba fadawa a tsakani. Dokokinsu masu tsauri ne: ba ciniki, ba kiɗa, ba ɓoye ma'anar saƙo, kuma dole ka riƙa faɗin lambarka. Duk abin da ka buga, duk mai rediyon da ya dace yana iya ji. Ba hasumiya, ba kamfani. Igiyar gajeren zango tana tashi sama ta daki wani rufin iska da ke can ƙololuwa ta dawo ƙasa da nisan dubban kilomitoci, hanyar da muka daɗe muna kama BBC da Muryar Amurka da Jamus da ita ke nan.

Bayan sun yi aure, da cikin fari ya tsufa, aka ce Inna ta tafi goyon ciki wurin mahaifiyarta a Maraɗi, kamar yadda al'ada ta tanada. Tafiya ce ta jirgin ƙasa zuwa Wagadugu, jirgin nan da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba, daga nan a hau mota zuwa Yamai, a bi ta Doso da Birnin Ƙonni. A miƙe kimanin kilomita 1,500 ne. Wasiƙa sai ta yi makonni, ko ta gidan waya ko a hannun direbobin goro. Kafin ta tashi Baba ya ɗauki ƙaramin rediyonta mai batir ya yi masa aiki. Rediyon gida ba ya fitar da Morse yadda ya kamata, wani huci kawai za ka ji yana ɗaukewa yana dawowa. Sai ya harhaɗa 'yar na'ura mai taransisto ɗaya a cikin gwangwanin tumatir, wadda in an ajiye ta kusa da rediyon take mayar da hucin nan fito mai daɗin ji. Ya sa ɗigon jan fenti a jikin gilashin, daidai zangon mita 40, dab da inda gidajen rediyo na mita 41 suke. Ya ce mata bayan sallar isha'i, kowane dare.

Ba ita yake kira ba, don ba ta da lasisi, ba ta da na'urar amsawa. Yakan zauna ya buga CQ, wato kiran duk mai ji, sai wani ya amsa daga Faransa ko Italiya ko Barazil, su yi hirar da masu rediyo suka saba: ina jin ka da ƙarfi kaza, sunana wane, ana ruwa a nan, eriyata iri kaza ce. Ita kuma tana can a tsakar gida a Maraɗi, rediyo a kan tabarma, gwangwani a gefe, tana bin haruffan da ka. Doka ta hana mai lasisi ya mayar da tasharsa gidan watsa labarai, amma ba ta hana kowa kunna rediyonsa ya saurara ba, a wannan 'yar tazarar suka zauna wata da watanni. Abu ɗaya ya ƙara. In zai rufe, bayan ya ba abokin hirarsa 73 ɗinsa, sai ya dakata kaɗan ya buga 88: taa-taa-taa-ti-ti, sau biyu. Wani ɗan Italiya ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko lafiya, ƙato da ƙato. Baba ya amsa masa cewa maiɗakinsa tana saurare daga 5U. Daga ranar mutumin yakan rufe da gaisuwa gare ta, wasu ma suka ɗauka. Da wani ya zaƙe ya aika mata da 88 tasa, Baba ya daina amsa kiransa.

Amsarta takan zo a takarda bayan makonni, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki da ta ba ni labarin da bakinta. “Ɗan nan,” in ji ta, “ni ko bai faɗi lambarsa ba na san Malam ne. Ran da na ji jansa ya yi gajere yana haɗa haruffa, na rubuta masa na ce zazzaɓi ne ko faɗa ka yi da mai gidan haya? Ashe zazzaɓi ne.” Masu wannan sana'a sun san haka. Kowane mai bugawa yana da hannunsa, yadda yake jan dogon sauti, inda yake numfasawa tsakanin kalma da kalma, kamar yadda yaro ke gane dakan uwarsa a cikin luguden mata goma. A yaƙin duniya na biyu masu sauraron asiri sun riƙa bin sawun rundunonin abokan gaba ta hanyar gane hannun masu buga musu waya, in hannun ya koma wani wuri sun san rundunar ta tashi.

Abin da nake so a duba a labarin nan shi ne yadda ƙuncin hanyar ya dace da halinmu. Mu mutane ne masu kunya. Inna har ta koma ga Allah ban ji ta kama sunan mijinta ba, shi ma ban taɓa jin ya ce mata yana sonta a gaban mutane ba, kuma ba na jin ya taɓa faɗa ko a ɗaka. Amma ya faɗa da lamba biyu, duniya tana ji, dare bayan dare, ba tare da ya zubar da girmansa ko nata ba. Ita kuma ta ba shi abin da ya fi magana tsada, ta zauna ta kasa kunne cikin ƙugin iska da kutsen wasu tashoshi har ta tsamo shi. Yau saurayi yakan tura wa budurwa saƙon murya na minti bakwai, ta saurara da ninkin gudu tana yanka albasa. Ban ce ba sa son juna ba. Cewa nake magana ta yi araha har mun daina auna ta, sauraro kuma ya zama abin da ake yi da rabin kunne.

Akwai kuma batun gaskiya, wanda mu mazauna Abijan bai kamata a yi mana dogon bayani a kansa ba. Garin nan ya yi ƙaurin suna da brouteurs, samarin da ke sa hoton wani ko wata a intanet su yi wa mutum soyayyar ƙarya har su kwashe masa abin da ya tara, abin ya kai 'yan sanda suna da sashe na musamman, PLCC, don farautarsu. Jarin mai wannan sana'a shi ne fuskar aro da sunan aro. A rediyon sha'awa lambar kiranka tana rubuce a wurin hukuma da sunanka da adireshinka, ɗaruruwan kunnuwa suna jin ka, in kun gama hira kuna aika wa juna katin shaida ta gidan waya, hannunka kuma ba ya aruwa. Ba na cewa ba a taɓa yaudara ta waya ba, ko a littafin Thayer akwai wani ɗan iska da ya zo ya ce shi ne masoyin. Amma ƙarya tana shan wuya a wurin da kowa ke ji.

Wanda zai ce Bahaushen yau ba zai iya soyayya da ƙwanƙwasa ba, ya manta da filashin. Lokacin da kiran minti ɗaya yake cin kuɗin kwanon garba, kowace kusurwa a Adjamé da Treichville akwai mai kabin zaune ƙarƙashin lema da wayoyinsa a kan tebur, mu da kanmu muka ƙirƙiro harshe daga ƙarar waya. Filashin ɗaya, ina tuna ki. Biyu, na iso lafiya. Uku a jere, kira ni yanzu, akwai magana. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya rubuta nazari a kan wannan ɗabi'a a 2007, ya tarar da ƙa'idojin da mu ma muka sani ba wanda ya koya mana: mai ƙaramin ƙarfi ne ke yi wa mai hali filashin, kuma saurayin da ke neman aure ba ya yi wa budurwa filashin yana jiran ta kira, sai dai in so yake a kore shi. Kunnen yana nan, dabarar tana nan. Haruffa 26 ne kawai ba a koya mana ba.

Da tsufa ya zo kunnen Baba ya yi nauyi, shekarun da ya yi da abin saurare a ka sun karɓi hakkinsu. Sai ya ja siririyar waya daga madafa zuwa shago, ya sa ɗan ƙwan fitila a saman teburinsa, madanni kuma kusa da murhun Inna. Yawanci abinci ya sauka take sanar da shi, ko a aiko yaro da kuɗin cefane. Wata rana ina zaune ina goge allon wata rediyo, wani ɗan garinmu da ya shahara da cin bashi ya shigo, ya yi doguwar gaisuwa da ƙarfi don Baba ya ji, ya gangaro kan jaka ashirin da zai mayar ƙarshen wata. Baba mutum ne mai taushin zuciya, har hannunsa ya doshi aljihu. Sai ƙwan ya kama: ti-taa, ti-taa. A, A, wato a'a. Baba ya ɗaga ido, ya mayar da hannun kan tebur, ya ce, “Wallahi Alhaji ka zo a mugun lokaci.” Mutumin ya dubi ƙwan ya ce wutarku ma tana wasa, ya kamata a duba mita. Na fita waje don kada dariya ta tona mu.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga ciki gaskiya ne. WhatsApp ya yi wa iyayenmu mata da ba su yi boko ba abin da Morse ba zai taɓa yi musu ba, sun danna sun yi magana sun ga fuskar jika, ba wanda zai ƙwace musu wannan, ni ma ba na so. Jiragen ruwa sun ajiye Morse tun 1 ga Fabrairun 1999, suka koma tsarin tauraron ɗan'adam. A 2003 taron hukumar sadarwa ta duniya a Geneva ya cire sharaɗin iya Morse daga kan mai neman lasisin gajeren zango. Na'urorin kanti suna da tsada, jarrabawa a nan da Faransanci ake yi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da bugu a tsarin duniya, sai dai a yi maneji da b da d da k. Amma cire tilas bai kashe abin ba, har yanzu in ka murɗa zangon mita 20 ko 40 ran Asabar za ka ji fito ya cika wurin. Dalili kuwa a fili yake: na'urar Morse ita ce mafi sauƙin harhaɗawa cikin duk na'urorin aika saƙo, da wat 5 da batirin babur da waya a kan bishiya ana tsallaka teku, kuma fitonta yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa. Yaran Black Market da ke cire ƙwaƙwalwar waya ƙarƙashin madubi su dasa wata, wannan aikin yini ɗaya ne a wurinsu. Ba wanda ya taɓa nuna musu ne.

Hanyar kamfani kuwa mun ga yadda take yankewa. A ƙarshen Fabrairun 2011, ana tsakiyar rikicin bayan zaɓe, aka toshe saƙon tes a ƙasar nan, farkon Afrilu kuma yaƙi ya shigo cikin Abijan, wanda ke Treichville bai san halin da nasa ke ciki a Adjamé ba, ga shi tafiyar ba ta kai ta awa ɗaya ba. Ba zan yi ƙarya in ce rediyo ce maganin irin wannan rana ba, a lokacin eriya a kan rufi tana iya jawo wa mutum harsashi. Amma akwai sauran ranaku. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, mutanenmu da ke nan suka yi makonni ba su ji muryar matansu ba, wasu sai an yi tafiya zuwa wata jiha a kira su. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka wayi gari a ɗaure. A wasu sassan duniya irin wannan ranar ce masu rediyon sha'awa ke fitowa. Lokacin igiyar tsunami ta Disamban 2004 wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, tana tsibiran Andaman da tawagarta don sha'awa kawai, da layuka suka mutu tasharta ce ta koma hanyar da iyalai ke jin wanda ya tsira.

Hukumomin tsaro a yankinmu suna kallon duk mai eriya da wayar oba-oba da ido ɗaya, ban kuma ga laifinsu gaba ɗaya ba. Sai dai ɗan bindiga ba ya zuwa neman lasisi. Wanda ya kai kansa aka rubuta sunansa, ya yarda kowa ya ji abin da yake faɗa, shi ne mutumin da ya kamata a sauƙaƙa wa. A nan akwai ƙungiyar ARAI ta masu wannan sha'awa, akwai hukumomin ARTCI da AIGF masu kula da sadarwa da rabon zango, a Najeriya akwai NARS. 'Yan sikawut na duniya suna da taron da suke yi ta rediyo tun 1958, yanzu duk watan Oktoba. Abin da ya rage namu ne. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke tara kuɗi duk wata don biki da kai gawa gida, ba za su gaza sayen na'ura ɗaya da hayar ɗaki ɗaya a Adjamé ba, a nemo mai lasisi ya riƙa koyar da yara ran Lahadi, a fassara musu darasin jarrabawar da Hausa.

A wuri ɗaya nake ganin Baba ya gaza, duk da girmansa a idona. Inna ta fi shi kunne, shi da kansa yakan faɗa, amma bai taɓa kai ta ta zauna jarrabawa ba. Da na tambaye shi dalili sai ya yi dariya ya ce, “Kai yaro, a ce matata tana hira da mazan Barazil?” Marigayi Rajiv Gandhi na Indiya yana da lamba, VU2RG, matarsa Sonia ma tana da tata, VU2SON, ba abin da ya ragu a jikinsa. Watannin nan na Maraɗi magana ta yi ta tafiya ta gefe ɗaya, mai ciki tana ji ba ta da bakin amsawa, labarin haihuwar ma sai da ƙanen mahaifinta ya je gidan waya ya biya kuɗin kalma-kalma. In an buɗe ajin nan na Adjamé, a ajiye wa 'yan mata bencin gaba, ga su nan da yawa yanzu a rumfunan sayar da waya. A kuma buɗe irinsa a Maraɗi a lokaci guda, don a sami mai amsawa.